Bakin gona ko cikin kurmi: ina Sani zai ɗaure mazauninsa na farautar barewa?

Sani Columbus: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga farautar barewa a nan Amurka. Na gama kwas ɗin da jihar Ohio ta wajabta, na yanki lasisi, kuma wani manomi a gundumar Coshocton ya ba ni izini a rubuce. Ga yadda wurin yake. Gabas filin waken suya ne, kamar eka 40. Yamma kurmin itatuwan ok ne (oak, manyan itatuwa masu 'ya'ya kamar ƙananan ƙwallaye) da ya hau tudu, da ɗan rafi tsakaninsa da gonar. Arewa maso yamma akwai sarƙaƙiya inda aka taɓa sare itatuwa, ƙaya ta cike wurin. Kudu shinge ne da layin itatuwa, bayansa gonar wani ce. Gidan mai gonar, inda nake ajiye mota, yana kusurwar kudu maso gabas. Mazaunin kan itace guda ɗaya gare ni, irin mai tsani, wanda in an ɗaure shi sai mutum biyu su kwance. In ɗaure shi a bakin fili ko cikin kurmi? Da baka zan fara, bindiga sai makonta ya zo. Na ga bareyi da yawa suna kiwo a filin da yamma.

Usman Texas: Wa alaikumus salam. Kai da ka ga bareyi da idonka a fili, me ya rage kuma? Ɗaure shi a bakin gona. Sabon maharbi yana bukatar ya ga dabba tun daga nesa, zuciyarsa ta gama bugawa, hannunsa ya daina rawa, sannan ya ja. A kurmi sai dai ka ji motsin ganye, kafin ka waiga ta wuce.

Alhaji Garba Wisconsin: Sani ƙanena, kafin in ce komai, yaushe ka gan su? Ganyen waken kore ne a lokacin ko ya yi ɗorawa?

Sani Columbus: Farkon Satumba ne Alhaji, ganyen kore shar. Yanzu ya bushe, mai gonar ya ce girbi ya kusa.

Alhaji Garba Wisconsin: To abin da ka gani a Satumba ya wuce. Barewa tana son waken suya ne yana ɗanye. Da ganyen ya juya sai ta janye, ba ta dawowa sosai sai sanyi ya yi tsanani tana tsintar ƙwayar da injin girbi ya zubar. A tsakiyar Oktoban nan abincinta yana cikin kurminka, 'ya'yan ok ne. Kuma ba kowane ok ba. Akwai farin ok, wanda bakin ganyensa a zagaye yake, 'ya'yansa ba su da ɗaci sosai, shi suke fara wawashewa. Jan ok bakin ganyensa da tsini, 'ya'yansa da bauri, sai daga baya suke komawa kansa. Ka shiga da rana tsaka ka nemi farin ok da yake zubar da 'ya'ya, ka duba ƙarƙashinsa: ɓawon da aka tauna, ganye a tone, ɗanyen kashi. In ka samu wannan, ka samu wurin zama. Itace ɗaya mai zuba ya fi maka eka 40 na busasshen wake.

Usman Texas: Alhaji, da girmanka, amma naman da ke cikin firizata duk daga sarari ya fito.

Alhaji Garba Wisconsin: Na yarda Usman, amma dubi yadda kuke yi a Texas. Kuna zaune cikin ɗan ɗaki a kan ƙafafun ƙarfe, da injin da ke watsa masara a kan lokaci, da bindiga mai cin yadi 300. Sani baka ne a hannunsa. Sabon mai baka bai kamata ya wuce yadi 20 zuwa 25 ba. Zai zauna a bakin fili ya ga bareyi a yadi 150 har rana ta faɗi, ya koma gida da labari.

Ibrahim Maryland: Ni ina tsakaninku. Da baka kawai nake farauta, kuma abin da na lura da shi shi ne barewa ba ta tashi daga makwanci ta faɗa fili kai tsaye. Tana tsayawa a cikin itatuwa, kamar yadi 50 zuwa 100 daga bakin gona, tana ɗan tsinke ganye tana shinshina iska har duhu ya fara. Manyan maza sun fi yin haka. Idan ka bi turbar da ta fito daga sarƙaƙiyar nan zuwa gona za ka ga ƙananan itatuwa da aka goge musu ɓawo da ƙaho, da wuraren da aka tone ƙasa a ƙarƙashin wani reshe mai lanƙwasowa. Inda waɗannan alamu suka taru, nan suke jiran duhu. Wanda ya zauna a bakin fili yana ganin su ne bayan lokacin harbi ya ƙare, domin doka rabin awa kawai ta ba ka bayan faɗuwar rana. Wanda ya matsa ciki kaɗan yana ganin su da sauran haske.

Nura Kano: Ku yi haƙuri da mu na gida. Wai har dabbar daji ta yi yawan da ake gardamar inda za a zauna a jira ta?

Ibrahim Maryland: Ta yi yawa Nura, har motoci suna bugewa a kan titi. A Ohio kaɗai maharba suna ɗaukar sama da 200,000 a kaka guda a shekarun nan. Kuma jihar nan a farkon shekarun 1900 barewa ta ƙare mata ƙaf, saboda sare daji da harbi ba ƙa'ida. Sai a 1943 aka sake buɗe farautarta. Doka ce ta dawo da ita: lokaci, adadi, lasisi. Akwai kuma dokar tarayya ta 1937, Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin bindigogi da harsasai yake komawa wajen kula da namun daji.

Baba Ɗan'azumi Ningi: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake karanta mini yana rubuta abin da na faɗa. Na ji kuna ta fili, kurmi, fili, kurmi, ban ji wanda ya ambaci iska ba sai Ibrahim, shi ma a taƙaice. Naman daji da hanci yake gani. Mu in za mu yi kwanto, toka muke ɗiba a ɗan ƙyalle mu kaɗa, inda ta nufa nan warinka ya nufa. Ba ka zaɓar itace sannan ka tambayi iska. Iska kake fara tambaya, ita za ta nuna maka itacen. Sannan ku nemi mashaya. Da rani ba ma wahalar da kanmu, duk dajin ruwa ɗaya yake sha, can muke jira. Yaro ya ce akwai rafi, to me yake nema kuma?

Alhaji Garba Wisconsin: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar iska ka gama ta, babu abin da za mu ƙara sai bayani. Amma mashaya a can ba kamar ta Ningi ba ce. Ƙasar Ohio ruwa ko'ina, kowane kwari da ɗan kududdufinsa, ga ɗanyen ganye da raɓa. Barewa ba ta da dalilin zuwa wuri ɗaya ta sha. Amfanin rafin Sani shi ne mahaya. Inda gaɓar ta yi tsayi ba sa sauka, sai su taru su ƙetare a inda ta kwanta. Sani ya bi rafin ya nemi inda sawu ya yi yawa a laka ta ɓangarorin biyu.

Baba Ɗan'azumi Ningi: To na ji. Kowane daji da halinsa. Amma mahaya ma ai sai da iska.

Alhaji Garba Wisconsin: Ƙwarai Baba, kuma nan ne wahalar take. Sani, ka saurara da kyau, don wannan shi ne abin da yake kore wa mutane nama ba su sani ba. A yankinku a Nuwamba iska tana yawan zuwa daga ɓangaren yamma. Idan ka zauna a bakin kurmi, iskar za ta kwashi warinka ta shimfiɗa shi a kan filin da kake jiran su fito. Ta farko da ta wuce ka ta shiga ƙarƙashin iskarka za ta tsaya cak, ta buga ƙafa, ta hura hanci, ta ɗaga farar jelarta, duk wanda ke bayanta ya juya. Bayan wannan akwai iskar tudu da kwari, wadda ba ta cikin hasashen waya. Da safe, rana tana ɗumama ƙasa, iska tana hawa tudu. Da yamma, ƙasa tana hucewa, iska mai sanyi tana gangarowa ta bi rafi. Saboda haka da safe ka zauna sama da turbarsu, da yamma ƙasa da ita. A cikin kwarin kansa kuwa iska juyawa take yi, yanzu tana fuskarka, an jima tana ƙeyarka. Shi ya sa ba na son a ɗaure mazauni a gindin rafi sosai, duk kyan sawun da ke wurin. Ka ɗan hau gaɓa. Maimakon tokar Baba, maharban nan suna amfani da audugar wata ciyawa da ke bakin hanyoyi, kamar dai audugar tumfafiya. Ka saki ƙwaya ɗaya daga kan mazauni ka bi ta da ido, za ka ga tana tafiya yadi 30 sannan ta karkata inda ba ka zata ba.

Usman Texas: Ka ga wannan ma hujjata ce. A sarari iska miƙaƙƙiya ce, ka san inda ta dosa. Sani ya zauna a gabashin filin, iskar yamma tana bugun fuskarsa, warinsa yana tafiya gidan manomi. Ga mota kusa, ba ya taka ko'ina.

Ibrahim Maryland: Wannan gaskiya ne Usman, amma shawarar bindiga ce. Ka ajiye ta sai makon bindiga, wato daga Litinin ɗin bayan Thanksgiving, bikin godiya na Amurka a ƙarshen Nuwamba. Kuma ko a lokacin, Ohio ba ta yarda da irin bindigarku ba. Tun 2014 sun halatta masu harsashi miƙaƙƙen kwanso, irin .45-70, yanzu kuma mutane sun fi sayen .350 Legend. Waɗannan a hannun sabon maharbi kada ya wuce yadi 150. Faɗin eka 40 ya fi haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna da bakin fili shi ne sauka. Duhu ya yi, bareyi sun cika gonar, kai kuma motarka tana ɗaya ƙarshen. Dole ka ratsa su. Ka yi haka sau biyu sun gane ka, sai su daina fitowa da haske. Da asuba ma haka: suna cikin filin tun dare, kai kuma ka taho da tocila ta tsakiyarsu. Mazaunin da ba shi da hanyar shiga da fita a ɓoye ba mazauni ba ne, komai yawan sawu.

Sani Columbus: Rafin yana gangarowa har kusa da gidan. Zan iya bin cikinsa da takalmin roba.

Alhaji Garba Wisconsin: Madalla. Wannan rafin ya fi duk abin da ka lissafa daraja. Gaɓa tana ɓoye ka, ruwa yana rage warin sawunka. Ka je da rana ka cire rassan da za su yi ƙara.

Likita Hauwa: Yayyena, ku bar ni in sa baki, don mu ne muke karɓar waɗanda suka faɗo. Faɗowa daga itace tana cikin manyan abubuwan da ke raunata maharba a ƙasar nan, kuma raunin na ƙashin baya ne da ƙugu da kai. Mafi yawa ba a zaune ake faɗowa ba, wajen hawa da sauka ne. Sani, ka sa ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi, ka ɗaure da igiyar tsaro tun daga ƙasa har sama. Kada ka hau da baka ko bindiga a hannu, ka jawo su da igiya bayan ka zauna, bindigar babu harsashi. Ka zaɓi itace mai rai, ba wanda ƙwari suka cinye ba, don a Ohio itatuwan ash da yawa sun mutu a tsaye. Ka tura wa iyalinka ainihin inda kake a taswira. Wanda ya faɗi a bakin gona manomi zai hango shi, na cikin kurmi sai an nema. Ban ce kada ka shiga ba, amma ka sa wannan a lissafi. In ka dawo kuma ka duba jikinka saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme.

Malam Lawal Zariya: Assalamu alaikum. Na bi muhawarar tun farko. Akwai ɓangaren da ya shafe mu mu Musulmi, kuma yana da alaƙa kai tsaye da inda za a zauna. Farauta don ci halas ce, don wasa kawai makaruhi ce, haka yake a Risala. Sharaɗi shi ne ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi. Harsashi ma malaman Malikiyya da suka zo daga baya sun halatta abin da ya kashe, saboda yana hudawa ya zubar da jini. Idan ka iske dabbar ta mutu da harbinka, ka ci. Idan ka iske ta da rai kuma harbin bai taɓa makasa ba, wato wuraren da in an same su dabba ba ta rayuwa, sai da yanka. Saboda haka wuƙa tana jikinka, ba a mota ba. Malamanmu sun yi magana a kan wanda ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba har ya mutu alhali da ya bi da ya riske shi da rai, sun ce ba a ci. Sun kuma yi magana a kan abin da ya kwana ba ka gan shi ba: akwai maganar hani, akwai kuma maganar cewa in ka samu kibiyarka a makasa babu laifi. A Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Sa'alaba da ya ba da damar ci ko bayan kwana uku matuƙar bai yi wari ba. Saɓanin yana nan, amma wanda zai iya kauce masa tun wajen zaɓen wuri, ya kauce.

Ibrahim Maryland: Malam, Allah ya saka da alheri. Nan akwai abin da nake so a warware mini. Abin da ake koya wa masu baka shi ne kada ka bi nan take. In ka samu huhu biyu, ka jira kamar rabin awa, za ka same ta kusa. In hanta ce, awa huɗu ko fiye. In tumbi ne, sai a ce ka bari har safe, domin in ka taso ta daga inda ta kwanta za ta yi nisan da ba za ka ƙara ganin ta ba. Wannan jiran sakaci ne?

Malam Lawal Zariya: Abin da na fahimta, Allah ne mafi sani, jiran da masana sana'ar suka tabbatar shi ne hanyar samun dabbar ba ɗaya yake da na wanda ya tafi shan shayi ba. Amma ba zan ba ka fatawa a kan wadda ta kwana da harbin tumbi ba, ka kai wa malamin da ke kusa da ku ya ji bayanin dalla-dalla. Abin da zan ce wa Sani shi ne ya zauna inda harbinsa zai zama na kusa, dabbar tana tsaye ta ba shi haƙarƙari, da sauran rana a sama. Tausayin dabbar ma ya hukunta haka.

Alhaji Garba Wisconsin: Wannan maganar ta Malam ita ta sa ni na fi son safiya a kurmi. Ka harba da hantsi, kana da yini guda na bin jini. Harbin bakin fili kusan kullum a mintocin ƙarshe yake zuwa. A tsakiyar Nuwamba rana tana faɗuwa wajen biyar da kwata a wurinku, ga magariba ta shiga, ga duhu, ga karnukan dajin nan da ba sa barin nama ya kwana lafiya. Sannan farkon Nuwamba lokacin barbara ne, maza suna yawo da rana tsaka suna neman mata, suna bin gefen sarƙaƙiya ta ƙarƙashin iska suna shinshinawa. Kwanakin nan in ka samu hutu, ka yi asuba ka hau, kada ka sauko da wuri.

Usman Texas: Ban sauka daga ra'ayina ba gaba ɗaya. A fili kana ganin inda ta gudu da inda ta faɗi, ka isa da wuƙarka cikin minti biyu. A kurmi ta sha kwana bayan itace uku ta ɓace maka. In batun riskar yanka ne, sarari ya fi. Ga jan nama kuma: a gona mota za ta je har inda take, a kurmi kai za ka ja ta ka haye rafi da ita.

Ibrahim Maryland: Da bindiga, na ba ka wannan. Da baka, ko a fili ka harbe ta kurmi za ta nufa.

Nura Kano: Layin itatuwan nan na kudu fa? Ba wanda ya ce komai a kansa.

Alhaji Garba Wisconsin: Nura ka yi tambaya mai kyau. Irin wannan siririn layi da ya haɗa kurmi biyu hanya ce ta gaske, barewa ba ta son ratsa sarari da rana in akwai inuwar da za ta bi. Da gonar duka ta mutum ɗaya ce da can zan tura shi. Amma iyaka ce. Dabba ta yi tsalle ɗaya ta faɗa gonar maƙwabci, a Ohio ba ka da ikon ƙetarawa ka ɗauko sai da izininsa. Ka tsaya kana kallon ta a bayan waya, ba yanka, ba ɗauka. Sani, ko ba za ka zauna can ba, ka roƙi mai gonarka ya kai ka ku gaisa da maƙwabcin tun yanzu, ka karɓi lambarsa.

Sani Columbus: Na gode ƙwarai, Baba, Malam, Alhaji, Likita da sauran 'yan'uwa. Ga abin da na tsayar. Ranar Asabar zan bi rafin da rana in nemi mahaya da farin ok mai zuba. Mazaunin zan ɗaure shi a kan gaɓa, kudu maso gabas da turbar da ta fito daga sarƙaƙiya, kamar yadi 20 daga gare ta, in hau shi kawai ranar da iska take daga yamma ko arewa maso yamma. Makon bindiga kuma zan bi shawarar Yaya Usman, in zauna a ƙasa a gabashin fili da rigar ruwan lemo, bayana ga gidan, ba zan harba ba sai ta matso.

Alhaji Garba Wisconsin: Ranar farko ta bindiga ka yi filin. Daga rana ta biyu, in harbi ya yi yawa a gonakin kewaye, za su daina fitowa sarari su cushe cikin sarƙaƙiyar, sai ka koma kan itacenka ka zauna har azahar, lokacin da sauran maharba suke saukowa cin abinci suna taso su. Kuma kada ka ɗaure tsanin nan kai kaɗai.

Ibrahim Maryland: Kafin ranar farko ka hau mazaunin da ɗamararka ka gwada harbi daga sama. Kibiya daga tsayi ba ta sauka inda take sauka a ƙasa, ka lanƙwasa daga ƙugu, kada ka sauke hannu kawai. In ka je Asabar ɗin ka ɗauko mana hoton mahayar da na ganyen itacen, mu tabbatar farin ok ne kafin ku ɗaure.